Kazar da Inna ta Kawo wa Jikarta

Kazar farko da ta shigo gidanmu da ke Fadamar Mada a Bauchi ba ni na saye ta ba. Inna ce ta zo da ita daga ƙauye cikin kwando, ƙafafunta a ɗaure da tsumma, ta miƙa wa 'yata ta fari, wadda a lokacin take da shekara 7, ta ce mata, "Ungo jarinki, kishiya. Idan kin iya riƙo, wata rana akuya za ta zama." Haka aka yi mana muna yara: a ba yaro kaza, ta hayayyafa, a sayar a saya masa 'yar akuya. Sai dai yarinyar ba jari ta gani ba. Kafin magariba ta raɗa wa kazar suna Wake saboda ɗigo-ɗigon gashinta, washegari kuma na iske ta a bakin rariya tana ba ta labarin makaranta. Tun daga ranar kiwon kaji a gidanmu ya tashi daga na riba ya koma na sabo, kuma shekara biyu ke nan muna cikinsa.

Wanda zai fara irin wannan kiwo ya kamata ya san cewa al'adarmu ba ta goya masa baya ba, domin mu ne muka ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Kaza a gidan Bahaushe ita ce fita kunyar baƙon da ya sauka ba zato, ita ce kuma abin da ake kamawa a kai kasuwa idan kuɗin magani ya gagara. Ban fahimci nauyin wannan ba sai ranar da wani ƙanen mahaifina ya kwana a wurinmu, maiɗakina ta aika a kamo kaza ɗaya kamar yadda kowace uwargida za ta yi, gidan ya kaure da kuka har baƙon ya ji kunya ya ce shi miyar kuka ma ta ishe shi. A daren muka yanke shawarar da nake ba kowa tun kafin ya sayi ko tsako ɗaya: duk kazar da yara suka sa wa suna wuƙa ba za ta hau ta ba, zakarun da aka ƙyanƙyashe kuwa na tukunya ne ko na kasuwa, kuma an gaya wa yaran haka ƙarara tun suna 'yan tsaki. Kazar baƙo da ta salla daga kasuwa muke sayowa. Kaza tana iya kai shekara 5 har fiye idan ta samu kulawa, ƙwanta kuma yana raguwa bayan shekara biyu ko uku, saboda haka alkawarin yana nufin za ka ci gaba da ciyar da tsohuwar da ta kusa daina ba ka komai.

Akurki ake fara yi kafin a kawo kaji, ko da yake mu a baibai muka yi, Wake ta kwana uku a ƙarƙashin turmi. Namu na katako ne da ragar waya mai ƙananan idanu, an ɗaga shi daga ƙasa kamar kamu ɗaya don kada ruwan damina ya kwanta a ciki, kuma ƙofarsa tana duban yamma, domin a nan ƙasar hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Rufin kwano yana mayar da akurki tanda a watannin Maris da Afrilu, kaza kuwa ba ta gumi, haki take yi baki buɗe fikafikai a sake, shi ya sa muka shimfiɗa zana a kan kwanon. A ciki akwai sanda a gicciye wadda suke hawa su kwana, da tsohon kwando mai ciyawa a lungu don saka ƙwai, ƙasan kuma ɓuntun shinkafa ne da ake kwashewa duk mako a kai gindin zogale. Da dare muzuru da gafiya ne abokan gaba, da rana kuma shirwa, wadda ba ta bukatar fiye da ƙiftawar ido ta sure tsako a tsakar gida.

Game da irin da za a zaɓa, ra'ayina a fili yake. Kada a saya wa yara kajin nama na gidan gona, waɗanda ake kira burela, duk da kyan da suke da shi suna 'yan kwana ɗaya, domin an samar da su ne su kai yanka cikin mako 6 zuwa 8, bayan nan nauyi yana fin ƙarfin ƙafafunsu, zafin bazara kuma yana kashe su. Akwai Noila, wadda take ba da nama da ƙwai kuma take jure kiwon sake, akwai kuma Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar don ƙwai. Amma don yara ban ga kamar kazar Hausa ba. Ƙwanta kaɗan ne, wajen 40 zuwa 60 a shekara, tana saka 10 zuwa 15 sai ta hau kwanci, amma tana neman abincinta, ta san shirwa tun daga inuwarta, kuma bayan kwana 21 yaro zai ga tsako ya fasa ɓawo da bakinsa, abin da injin ƙyanƙyasa ba zai nuna masa a gida ba. Sagara uku ko huɗu sun isa farawa. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba, zakara ɗaya kuwa ya ishi kaji goma.

Neman zakaran ne ya jawo mana babbar asara, kuma laifin nawa ne. A tsakiyar hunturu na ga wani jan zakara mai ƙirar gani a kasuwa, na saya, na zo na sake shi cikin kajinmu bakwai a yammacin ranar. Ba a yi mako ba ya takure a jikin katanga yana gyangyaɗi, sai sauran suka bi: koren zawo, numfashi da ƙyar, ɗaya kuma wuyanta ya murɗe tana zagaye wuri guda. Maƙwabta suka kawo shawarwari, wani ya ce a jiƙa barkono, wani ya ce sassaƙen maɗaci, wani ya ce a fasa kafso a ruwan sha, duk na yi, biyar suka mutu har da zakaran. Likitan dabbobin da na je wurinsa a makare ya ce cutar Niyukasal ce, wadda kan share kajin ƙauye duk lokacin sanyi, kuma ƙwayar bairos ce ke kawo ta, don haka kafso ba ya taɓa ta, riga-kafi ne kaɗai makari. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin wannan riga-kafi: akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, akwai kuma I-2 da ake ɗigawa a ido, wanda ya fi jure zafi, ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta ba ta kwana, saboda haka yanzu gida biyar muke haɗuwa a layinmu, a ɗauko ta cikin ƙanƙara, a yi wa kajin kowa da sassafe. Duk sabuwar kaza kuma sai ta yi mako biyu ita kaɗai a keji nesa da sauran. Idan kaji suka riƙa faɗuwa farat ɗaya, a tuna murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya tun 2006 kuma tana dawowa, a hana yara taɓa mushe, kada a yi saurin yanka marar lafiya wai don gudun asara, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Wake tana cikin ukun da suka tsira. Yarinyar ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Abinci bai ba mu wahala haka ba. Dusa da tsakin masara ko dawa su ne tushe, amma su kaɗai ba sa gina jiki, sai an haɗa da garin soyayyen waken suya ko ƙuli-ƙuli marar yaji, da ganyen zogale, da ragowar alayyafo da kabeji da nake roƙowa wurin masu kayan gwari a kasuwar Muda Lawal. Muna shanya ɓawon ƙwai a daka shi lukui a mayar musu, domin ɓawon sabon ƙwai ya yi ƙwari, kuma ba ma ba su hatsin da ya yi fumfuna. 'Yan tsaki kuwa abincin buhu nasu na musamman muke saya musu a makonnin farko, da gara idan an samu. Ruwa a kasko yake a inuwa, ana sauyawa safe da yamma, da 'yan duwatsu a ciki don kada tsako ya nutse, kuma ɗana ƙarami ya gane karin maganar albarkacin kaza da idonsa, domin da azahar ƙadangaru uku ne ke layi a bakin kaskon. A gefe akwai rami da muka cika da yashi da toka, inda suke birgima su kakkaɓe ƙuma.

Sabo da hannu yana zuwa ne ta hanyar ciki. Yaro ya tsuguna, ya kaɗa gwangwani da tsaba a lokaci guda kullum, ya bar kazar ta zo da kanta ta ci a tafinsa, kada ya bi ta da gudu. Idan zai ɗauke ta, ya tallafe ta da hannu biyu fikafikanta a manne da jikinta, ba a riƙe ta ta ƙafa kai a ƙasa kamar yadda ake yi a kasuwa ba. Dokokin maiɗakina biyu ne kuma ba ta sassautawa: kaza ba ta shiga ɗaki ko madafa, kuma duk wanda ya taɓa kaza ko ƙwai ko kwando sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu, domin kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa yara zawo ko da kazar lafiyarta ƙalau. Da maƙwabta kuma, mun rage gashin fiffike ɗaya na kowace kaza da almakashi, wanda ba ya yi mata ciwo, tun ranar da ɗaya ta haura katanga ta tone wa Hajiyar da ke bayanmu shukar yakuwa.

Watan jiya Inna ta sake zuwa. Ta zauna a kan tabarma tana ƙirga kajin da carbinta a hannu, ta samu tara, ta ce sun isa kuɗin 'yar akuya har da canji, a kira mai saye gobe. Yarinyar ta rungumi Wake ta ce ko ɗaya ba ta sayarwa ba ce. Inna ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "Kishiya, ke dai da wuya ki yi arziki." Sannan ta tambaya ko akwai ƙwan da aka saka yau, aka kawo mata huɗu a murfin kwano, ta ɗaga kowanne ta duba a hasken rana, ta ƙulle su a gefen zanenta ta ce za ta sa wa kazarta ta gida da ta hau kwanci.