Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Juya Hagu Cikin Hazo

Makon jiya na tsaya a inda aka ba ni shugabancin yaran bene, wato muƙamin bosan, a jirgin shaƙatawar nan mai tsawon mita 55, wanda muke yini da kwana da shi a Bahar Rum lokacin zafi, in sanyi ya shigo mu tsallaka Atilantika zuwa tsibiran Karibiyan. A 2016 na cika shekara takwas a irin waɗannan jiragen na attajirai. Babu igiyar da ban iya ƙullawa ba, ƙarar sarƙar anga kaɗai nake ji in san ta kama ƙasa ko ja take yi. Amma in aka zo shiga tashar jiragen ruwa, ni ina can gaba riƙe da rediyo, wani yaro da na koya wa riƙe igiya da hannuna yana ɗakin tuƙi kusa da kyaftin, saboda shi yana da takardar shaidar tuƙi.

Wani dare muna tsaye a tashar Antib ta Faransa, kyaftin ya kira ni ɗakin tuƙi. Ya ce, “Bosan, shekara nawa za ka ƙara kana goge ƙarfe?” Na ce, “Yallaɓai, iya abin da Allah ya rubuta.” Ya ɗauko takarda ya zana mini matakala. A ƙasa akwai shaidar tuƙi ta Yachtmaster daga RYA, ƙungiyar masu tuƙin jiragen shaƙatawa ta Birtaniya, wadda in aka buga mata hatimin kasuwanci mutum zai iya jan jirgin da bai wuce ma'aunin girma 200 ba. Sama da ita shaidar jami'in gadin tuƙi ta hukumar jiragen ruwa ta Birtaniya, MCA. Daga nan sai mataimakin kyaftin, sai kyaftin na 500, sai kyaftin na 3,000. Ya sa yatsa a mataki na biyu ya ce nan ne ƙaya take, wanda ya haye shi sauran tafiya ce ta haƙuri.

Abu na farko da ya girgiza ni shi ne lissafin kwanaki. A lokacinmu sai mutum ya nuna wata 36 yana aiki a jirgi, a ciki kwana 365 na hidimar teku a jirgin da ya kai mita 15, kuma aƙalla 250 daga cikinsu a kan ruwa ake tafiya da gaske. Kwanan da aka yi a tashar gyara ba a ƙirga fiye da 90. Kowace rana sai da sa hannun kyaftin. Na zazzage jakata a kan gado, na jera takardun shaidar jiragen da na yi wa aiki, sai na tarar kusan shekara biyu na rayuwata babu su. Kyaftin ɗin jirgina na biyu ya tafi bai sa mini hannu ba, jirgin an sayar, an sauya masa suna da tuta. Na rubuta wasiƙu har na gaji, ko amsa ɗaya ban samu ba. Tsallake Atilantika biyu na yi a jirgin nan, ɗaya cikin iskar da ta hana mu dafa abinci kwana uku. A gaban hukuma kamar ban taɓa taka shi ba. Har yau in yaro zai sauka daga jirgina, ba ya taka ƙasa sai takardarsa tana hannunsa da sa hannuna da hatimin jirgi, ko da faɗa muka rabu.

Allah ya taimake ni, kwanakin sauran jiragen sun isa. Na ɗauki hutu na tafi kudancin Ingila neman Yachtmaster. Sharaɗinta mil 2,500 da kwana 50 a teku, da tafiyoyi biyar da kowace ta wuce mil 60, kuma rabin wannan duka a ruwan da ke cika yana janyewa. Nan na gane Bahar Rum ta shagwaɓa ni, don ita ruwanta da ƙyar yake motsi sama ko ƙasa. Mu a Yawuri mun san cikar kogi da janyewarsa abu ne na watanni, Baba yakan duba tushen wata bishiya a bakin gaɓa ya faɗa maka inda ruwa zai kai. A mashigin Solan na kudancin Ingila kuwa inda ka bi da safe lafiya lau, da rana taɓo ne. Sai ka zauna da jadawali da fensir ka lissafa zurfin ruwa awa bayan awa. Lissafin nan ya ba ni wuya, amma na so shi, na kuma ci jarrabawar.

Sauran kwasa-kwasan ba zan ja ku da su ba: rediyon neman ɗauki, taswirar kwamfuta, na'urar rada, sanin jikin jirgi, kashe gobara a cikin ɗakin ƙarfe mai duhu da tukunyar iska a baya. Kuɗin da nake tarawa don sayen fili a gida duk nan suka tafi. Da na gaya wa uwargida, sai ta ce, “Fili ba ya gudu, Baban yara. Je ka yi karatunka.”

Abin da ya cinye mini dare shi ne dokokin kauce wa karo a teku, na 1972. Na rubuta su a ƙananan katuna, ina bitarsu bayan sallar asuba kamar yadda muke tilawa a makarantar allo. Jar fitila a hagun jirgi, koriya a damansa. In jirage biyu masu inji za su gitta wa juna, wanda ke ganin ɗan'uwansa a damansa shi zai kauce. Alamomin hanya kuma sun bambanta: in kana shiga tasha a Turai ko Afirka, jar alama a hagunka take, a Amurka da Karibiyan kuwa a damanka. Ni da nake raba shekara tsakanin wuraren biyu, wannan a jinina yake.

Da takardar izinin shiga jarrabawar baka ta iso, na sayi farar riga da laktaye. Mai jarrabawar dattijo ne, tsohon kyaftin, ba ya murmushi ba ya kuma tsawa. A kan teburinsa akwai 'yan ƙananan jirage na katako da katunan fitilu. Ya tambaye ni yadda zan karɓi gadi daga wani jami'in, na faɗa. Ya ce mutum ya faɗa ruwa, me zan fara yi, na faɗa. Ya jera fitilu, na gane jirgin masunta da jirgin da ke jan wani. Kusan awa guda muna tafiya daidai, har na ji kafaɗuna sun sauka.

Sai ya kwashe jiragen ya bar nawa shi kaɗai. Ya ce, “Hazo ya rufe, ba ka ganin ko gaban jirginka. Rada ta nuna maka wani jirgi a gabanka ta ɓangaren dama, yana matsowa, kusurwarsa ba ta sauyawa. Me za ka yi?” A raina na hango fili a hagu. Na sa hannu na karkata ɗan jirgin hagu. Ya yi shiru yana kallona. Ya sake maimaita tambayar a hankali, wato yana ba ni ƙofar gyara, ni kuma na ɗauka gwada tsayuwata yake yi, na nace.

Ya ajiye alƙalami. Ya ce in buɗe doka ta 19 in karanta da ƙarfi. Na karanta da bakina: in rada kaɗai ta nuna maka jirgi a gabanka cikin hazo, ka guji juyawa hagu iya yadda zai yiwu, sai in wanda kake ƙoƙarin wucewa ne. Dalilin a fili yake. Shi ma wancan, in yana bin doka, ba zai karkata hagu ba, ni kuwa ga shi na karya ƙa'idar da yake zaton ina bi, kuma babu mai ganin wani. Na haddace dokar nan kalma bayan kalma. Hannuna ne ya riga kaina. Dattijon ya ce, “Ka san jirgi, wannan ba na shakka. Amma akwai mutane suna barci a ƙarƙashinka, yau ba zan iya sa hannu ba.”

Na fito gwiwa a sanyaye, na zauna a bencin bakin ruwa ana yayyafi, na kira Baba. Na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ɗana, lokacin hunturu, in buji ya rufe tafkin Kainji muna ɗauke da fasinja, me ka ga ina yi?” Na ce, “Kana rage wuta, Baba. Wani lokaci ka kashe injin gaba ɗaya, ka ce kowa ya yi shiru mu saurara.” Ya ce, “To, a littafin naku babu wannan?” Na ce akwai, a ƙarshen dokar da ta kayar da ni ma yake. Ya ce in je in ci abinci, in kira Inna kafin ta kwanta.

A daren na cike takardar neman sake zama. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin komawata gaban teburin nan, da gadina na farko ni kaɗai a ɗakin tuƙi tsakanin tsibiran Kanari da Antigwa.