Darussan da harhaɗa kanel ɗin Linux ke koya wa mutum idan kwamfuta ta ƙi tashi

Kanel shi ne zuciyar Linux da ke sarrafa na'urorin kwamfuta, harhaɗa shi kuma shi ne gina shi daga rubutaccen lambarsa (source code). Harhaɗawa ta ƙare lafiya ba yana nufin kanel zai tashi ba. Wannan ne darasi na farko, kuma kusan kowa a gaban baƙin allo yake koyonsa, yana kallon layin nan: Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0).

Saƙon ba ƙarya yake yi ba, mutane ne ba sa karanta shi har ƙarshe. Lambobin nan biyu na ƙarshe su ne maganar. Idan sifili da sifili ne, kanel bai samo faifan tushe ba kwata-kwata, wato faifan ajiyar da tsarin Linux ɗin ke zaune a kai. Idan kuwa 8 da 2 ka gani, ya ga faifan, har ya gane kashi na biyu na sda, sunan da Linux ke ba faifan farko, abin da ya kasa shi ne karanta tsarin fayilolin da ke ciki. Cuta biyu ce daban. Wanda ya haɗa su zai kwana yana ba da maganin da ba shi ba.

Asalin kuskuren harafi ɗaya ne a .config, fayil ɗin da ke riƙe zaɓuɓɓukan harhaɗa kanel. Duk direban (manhajar da ke sarrafa wata na'ura) da aka sa wa y yana cikin jikin kanel, wanda aka sa wa m kuma yana zaune a /lib/modules, wato a kan faifan. To idan direban da zai buɗe faifan shi ma yana kan faifan, an kulle ɗaki ke nan da makullin a ciki. Aikin initramfs, ƙaramin kunshin fayiloli da ake lodawa tare da kanel tun kafin a buɗe faifan, shi ne riƙe wannan makulli a waje. Saboda haka ko dai ka gina initramfs na sabon kanel bayan make modules_install, da update-initramfs a Debian da Ubuntu, dracut a Fedora, mkinitcpio a Arch, ko ka mayar da waɗannan y: CONFIG_SATA_AHCI tare da CONFIG_BLK_DEV_SD idan faifan SATA ne, CONFIG_BLK_DEV_NVME idan NVMe ne, CONFIG_VIRTIO_PCI da CONFIG_VIRTIO_BLK a kwamfutar kwaikwayo mai amfani da virtio, sai CONFIG_EXT4_FS ko duk tsarin da tushenka ke kai. Na biyun nan, BLK_DEV_SD, shi aka fi mantawa, don yana ƙarƙashin sashen SCSI, mutum ya ce ai shi ba shi da SCSI, ya kashe. Kada ka yi hasashen direba. Tun kana kan tsohon kanel ka buga lspci -k, zai nuna maka wanda kowace na'ura ke aiki da shi.

Akwai wani tarkon a cikin tarkon. Ka sa komai y, ka jefar da initramfs, saƙon nan bai canja ba. Duba layin GRUB, manhajar da ke loda kanel lokacin kunna kwamfuta. Idan root=UUID= ne a rubuce, kanel shi kaɗai ba ya warware shi, initramfs ne ke nemo faifan da wannan lamba. Abin da kanel ke ganewa da kansa shi ne PARTUUID, wanda blkid zai ba ka, ko suna kai tsaye irin /dev/nvme0n1p2. Mai LUKS (kulle faifai da sirri) ko LVM (tsarin sarrafa kason faifai) a tushe kuwa ya daina mafarkin rabuwa da initramfs.

Duk wannan gyaran minti goma ne ga wanda ya bar tsohon kanel a jerin GRUB: ya danna Shift ko Esc lokacin kunnawa, ya zaɓi tsohon, ya gyara. Wanda ya ga hadari ya zubar da ruwan tulu, shi ne zai nemo filashi mai Linux, ya ɗaura tushe da /dev da /proc da /sys, ya shiga da chroot, umarnin da ke sa ka yi aiki kamar kana cikin tsarin da ya ƙi tashi. Ka ba kowane gini sunansa ta CONFIG_LOCALVERSION, don kada sabo ya hau kan wanda ke aiki. Abin haushi, akwai manya a wannan aiki da za su nuna wa ɗalibi umarni uku, su ƙi faɗa masa wannan, idan abin ya lalace su ce ya goge ya sake girkawa. Wannan ba koyarwa ba ce.

Baƙin allo da babu rubutu ko ɗaya sau da yawa ba mutuwa ba ce. Kanel ya tashi, bakin magana ne ba shi da shi. A GRUB danna e, share quiet da splash, ƙara nomodeset, sannan Ctrl+x. Idan rubutu bai fito ba, duba CONFIG_FRAMEBUFFER_CONSOLE tare da efifb ko simpledrm. Direban amdgpu, na katin hoton AMD, da aka sa wa y ma yana jawo haka, don yana neman fayilolinsa na /lib/firmware tun kafin a ɗaura tushe. Bar shi a m.

Sauran gajeru ne. make localmodconfig abin da ke lode a lokacin kawai yake bari, don haka ka jona duk kayan USB ɗinka kafin ka buga shi. Idan /boot ya cika, initramfs zai fito guntu; INSTALL_MOD_STRIP=1 na rage girmansa sosai. Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da ake lodawa lokacin kunnawa, ba ya karɓar kanel marar sa hannun dijital. systemd, manhajar da ke tayar da sauran tsarin bayan kanel, na buƙatar CONFIG_DEVTMPFS da CONFIG_CGROUPS. Kada ka dogara da journalctl -b -1, mai nuna bayanan tashin da ya gabata, idan kanel ya faɗi kafin ɗaura tushe, babu inda zai rubuta komai. Ɗauki hoton allon da wayarka, layukan da ke saman saƙon suna lissafa faifan da ya gani, idan ya ga wani.

Kafin ka sake kunna ainihin kwamfutar, gwada bzImage, fayil ɗin kanel ɗin da ka harhaɗa, a kwamfutar kwaikwayo ta QEMU da console=ttyS0 da -nographic. Ba zai gaya maka ko direban faifanka na gaske yana nan ba, amma zai kama initramfs da ya lalace cikin daƙiƙoƙi.