Babban yatsan ƙafa ya hana ni barci

Jama'a, na ga ta kaina. Cikin dare babban yatsan ƙafata ya kumbura ya yi jawur, ko mayafi ya taɓa shi sai na yi ƙara. Takalmi kuwa ba a magana.

Likita ya duba ya ce gawut ne: sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini, ya daskare a gaɓar kamar ƙananan allurai. Jan nama, hanta, ƙoda, giya da lemon kwalba duk suna ƙara shi, ana kuma gadon ciwon. Maganin colchicine ya kwantar min da zafin, maganin allopurinol kuma na kullum ne don rage sinadarin. Rage tsire da balangu ne ya fi min ciwo, wallahi.

In kumburin ya zo da zazzaɓi, a garzaya asibiti, don ƙwayar cuta ma tana kama gaɓa haka.