Abin da lambobin farkon layi suka koya mini

A farkon layin takardar kiɗa akwai lambobi biyu, ɗaya bisa ɗaya: 4/4, 3/4 ko 6/8. Ta sama tana faɗin alamomin sauti nawa ne ke cika gaɓa guda, wato kowane ɗan yanki da ake raba layin kiɗa zuwa gare shi, ta ƙasa kuma wace irin alama ake ƙirgawa. Babu ruwansu da sauri. Wannan ne darasin da ya fi zauna mini tun da na fara koyon fiyano. Saurin kiɗa yana da nasa wurin a saman takarda, galibi da Italiyanci: Adagio a hankali, Andante tafiyar ƙafa, Allegro da kuzari, Presto a guje. Wani lokaci a rubuta adadi kai tsaye, kamar bugu 120 a minti, kusan takun sojoji a fareti. Na'urar da ke ƙirga wannan, metironom, Johann Maelzel ne ya yi mata rajista a 1815, kuma Beethoven na cikin na farko da suka riƙa sa adadinta a kan ayyukansu.

Inda na daɗe shi ne tsakanin 3/4 da 6/8. A lissafi daidai suke, ƙananan alamomi shida a kowace gaɓa, don kowace alama ta 3/4 daidai take da ƙanana biyu na 6/8. A kunne kuwa sun sha bamban. Malaminmu yakan rufe murfin fiyano ya ce mu tafa a kansa. A 3/4 nauyi uku ne, kowanne da rakiya ɗaya, irin juyin rawar wals ta Turawa. A 6/8 nauyi biyu ne kawai, kowanne yana jan biyu a bayansa, sai ka ji kafaɗa ta fara rangaji da kanta. “Malam, ai wannan mun saba jin sa a gidan biki,” in ji wata ɗaliba. Gaskiyarta: makaɗan Afirka ta Yamma sun daɗe suna ɗora bugu uku a kan biyu ba tare da takarda ba.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a fara wa ɗalibi da haddar ƙa'ida. A bar shi ya tafa, ya taka, sannan a nuna masa lambar abin da jikinsa ya riga ya yi.

Metironom kuwa ina fara shi ne a kan 60, ko da takarda ta ce Allegro. Wurin da yatsa ke tuntuɓe a nan yake bayyana, musamman a wurin hutu, wato ɗan shirun da ke cikin kiɗa, inda hannu ke ɗokin shiga kafin lokacinsa. Sai gaɓar ta fita tsaf nake ƙara gudu kaɗan.