Neman hinjin da ya dace da siririn murfin kabad a Jos

Kabad ɗin da ke rataye a bangon kicin ɗinmu a Rikkos murfi huɗu gare shi, dukkansu marasa nauyi, kaurin kowanne milimita 12 kacal. Hinjinsa irin ɓoyayyen nan ne da ba a ganinsa in an rufe, wanda masu shago ke kira mai kofi, saboda kansa yana nutsewa cikin wani zagayayyen rami a bayan murfin. Tururin girki ya daɗe yana cinsu. Da hunturun bara biyu suka saki gaba ɗaya, uwargida ta koma tokare murfin da muciya in za ta ɗauki kwano.

Zuwana na farko kasuwa hannu rabbana na je, ban ɗauki tsohon hinjin ba, ban auna komai ba. Na ce a ba ni mai ƙarfi, aka ba ni manya masu kofin milimita 35, irin wanda aka fi samu a ko'ina. Da na dawo gida sai na tarar ramin da ke jikin murfina ya yi musu kaɗan. Na aro injin huda da baki mai faɗin 35, na fara sabon rami ƙasa da tsohon. Kofin irin wannan hinjin yana son zurfin milimita 11 zuwa 13, katakona kuwa 12 ne duka-duka. Kafin in kai rabin abin da nake nema, tsinin bakin ya leƙo ta fuskar murfin. Ƙaramin huji ne kamar na ƙwayar gero, amma ya ɓata min rai ƙwarai, domin kabad ɗin na cikin kayan da aka kawo wa matata lokacin aure.

Washegari na kwance murfin da tsoffin hinji biyu, na nufi Kasuwar Katako wurin wani dattijon kafinta da mahaifina ya sani. Ya jujjuya murfin, ya ɗora tef a bakin tsohon ramin.

"Ɗana, wannan ai mai 26 ne. Wa ya ce ka ɗora wa ɗan akuya kayan jaki?"

Na ce, "Baba, ƙarfi na duba."

Ya ce murfin da yaro zai ɗaga da yatsa biyu ba ƙarfi yake nema ba, hinjin da zai zauna daidai cikin namansa yake nema. Ƙaramin kofi mai milimita 26 an yi shi ne domin irin waɗannan ƙananan murafe, kuma yawanci bai kai babban zurfi ba. Duk da haka ya ce in auna zurfin kofin da kaina kafin in biya, don kamfanoni sun bambanta.

Sai ya jera tsoffin hinjin biyu a kan bencinsa, ya ce in dubi hannayensu. Ni dai a wurina duk ɗaya ne. Da na sunkuya sosai na ga ɗaya hannunsa a miƙe yake, ɗayan yana da ɗan doro. Miƙaƙƙen na murfin gefe ne, wanda ke rufe kaurin bangon kabad gaba ɗaya. Mai ɗan doron na murafen tsakiya ne, guda biyu da suka haɗu a kan katako ɗaya, kowanne ya rufe rabi. Akwai na uku mai doro sosai, na murfin da ke shigewa cikin bakin kabad, amma ni ba ni da irinsa. Ashe ko da manyan da na saya sun shiga ramin, murafen tsakiya karo za su riƙa yi da juna, tunda duka takwas miƙaƙƙu aka ba ni. Wannan bambancin shi na fi so duk mai irin matsalata ya riƙe, domin mai shago ba zai tambaye ka ba in kai ba ka faɗa ba.

Samun mai 26 ɗin ya ɗan ba ni wuya. Shago huɗu na shiga, kowa sai ya miƙo mai 35 ya ce zai yi. A na biyar wani matashi ya janyo kwali daga ƙarƙashin kanta. Na gwada kofin cikin ramin murfin a gabansa, ya zauna ɗas. Na duba ko hujin sukurori ya zo daidai da tsohon, abin da ba kullum yake dacewa ba: ko a manyan ma, na kamfanin Blum tazararsu milimita 45 ce, na kamfanin Hettich 52. Na girgiza hannun kowanne don jin ko yana wasa, na ajiye biyu da mai ya jiƙa jikinsu, alamar abin da ke rage musu gudu ya fara yoyo.

Batun mai rufewa a hankali, shawarar Baba na bi. Murfi mara nauyi in ka sa masa irin wannan sama da ƙasa, sai ya riƙa jan jiki kafin ya rufe, wani lokacin ya tsaya da ɗan buɗi. Don haka kowane murfi na sa masa ɗaya mai rufewa a hankali, ɗaya na gama-gari. Sukurorin da suka zo cikin ledar ma dogaye ne, da na ɗaura su da sun ɓullo ta gaba, sai na nemi gajeru 'yan milimita 10.

Ɗaurawar ba ta ɗauke ni awa biyu ba. Abin da ya ci lokaci shi ne saiti: sukuru ɗaya na matsar da murfin hagu ko dama, ɗaya na tura shi ciki ko waje, na jikin farantin da ke riƙe hinjin a bangon kabad kuma na ɗaga shi ko sauke shi. Rabin juyi nake yi, in rufe, in ja da baya in duba, har layin da ke tsakanin murafen tsakiya ya miƙe daga sama zuwa ƙasa. Hujin da na yi kuwa na cike shi da garin katako da gam kamar yadda Baba ya nuna min, na goge da sanfefa. Manyan hinjin takwas na kai masa, ya ce yana da wadirof da za su yi wa daidai.