Jan fenti a jikin maɗaci

Asabar. Ba a yi cincirindo ba, amma an fito zanga-zangar hana sare bishiyoyin unguwarmu. Dattawan masallaci, matan layinmu, mai faci da yaransa, har 'yan adaidaita sahun da ke shan iska a wurin da rana sun jera kekunansu a bakin titi. Tsohon gidan nan da ke kan kwanar titi dai an sayar, za a rushe shi a yanka fulotai a jera gidajen bene, kuma duk bishiyar da ke ciki da wajen katanga an shafa mata jan fenti. Mai unguwa ya karɓi takardar kokenmu, ya ce zai kai gaba. Wakilin masu ginin ya ce mu kwantar da hankali, duk wadda aka sare za a dasa biyu a madadinta.

Na dawo da ƙwarin gwiwata, har ina ba Inna labari ina dariya. Sai Yaya ya shigo.

"Ke ma kin je?" Na ce na je. Ya ce, "Mutane na neman inda za su sa haƙarƙarinsu a garin nan, ku kuna zanga-zanga a kan itace. Mutum ya sayi filinsa, takardunsa a hannu." Ya ƙara da cewa tun dokar ƙasa ta 1978 filin birni a hannun gwamna yake, wanda aka ba takarda shi ke da iko, ba 'yan unguwa ba.

Na ce Yaya, ban musa maka takarda ba. Amma gidajen da za a gina ɗin nan, wane mai neman wurin kwana ne zai iya kama hayarsu? Mai facin ne, ko mai awara? Su inuwar nan ita ce shagonsu. A watan Afrilu zafin Kano yana haura 40, ka sani, kai ma a nan kake ajiye motarka in ka zo.

Ya ce ai an ce za a dasa wasu.

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har yanzu. Maɗacin nan tun zamanin Turawa aka jera irinsu a titunan Nasarawa, Baba ya ce da girmansu ya taso ya gan su. Babban na ƙofar gida mutum biyu ba sa iya zagaye shi da hannu. Ɗazu na tsaya dab da shi, jikinsa duk tabon sassaƙe, inda masu neman maganin ciwon ciki suka yi ta ɓantara shekara da shekaru, ya warke ya yi tudu, an sake ɓantara ya sake warkewa. Shi ne za a musanya da dashe biyu a leda? Wa zai ba su ruwa da rani, wa zai tsare su daga awaki? Ko sun rayu, sai jikokinmu za su sha inuwarsu. Kuma a gidan da aka malale da siminti daga katanga zuwa katanga, ina saiwa za ta bi?

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya ba mugun mutum ba ne, kuma rabin garin irin tunaninsa gare su. Ya tashi yana cewa Allah ya ba mu sa'a, da muryar da ake lallashin yaro.

Wuta ba ta zo ba tun azahar. Auta ya fasa mini fulas. Tuwon dare ma kaɗan na taɓa.

An turo a gurup cewa masu injin yanka za su zo Litinin da sassafe. Malam ya ce bayan sallar asuba kowa ya ɗauko tabarmarsa a zauna a gindin bishiyoyin, ba zagi, ba jifa. Na gaya wa Inna ta tashe ni.