Babi na uku da jan biron Malam

Sakamakon digiri na biyu ya shigo hannu, yanzu bakina ya buɗe. Kundina a kan ƙagaggun labaran Yahudawan da suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi ne, kuma babi na uku ne ya ja mini baƙin jini.

A babin na ɗauki gajeren labarin Cynthia Ozick, The Shawl, na 1980. A sansanin 'yan Nazi, Rosa tana ɓoye jaririyarta Magda cikin mayafi. Nono ya ƙafe, mayafin yarinyar take tsotsa. Stella, 'yar'uwarsu mai shekara 14, sanyi ya gallabe ta, ta ɗauke mayafin. Magda ta fito fili tana kuka, mai gadi ya sure ta ya wurga ta jikin wayar lantarki. Na ce ba da mugunta aka haifi Stella ba. An tsara sansanin ne yadda yunwa da sanyi za su sa wanda aka zalunta ya cuci na kusa da shi, don haka a fara tuhumar masu auna burodin. Na kafa hujja da marubuci Primo Levi, wanda ya yi zaman sansanin Auschwitz, kuma a littafinsa na 1986 ya ja kunnen masu gaggawar yanke wa irin waɗannan fursunoni hukunci.

Malam, mai duba kundina, ya rubuta a gefen shafi: "Ke lauyar ɓarayi ce?" Jadawali yake so mai gida biyu, na kirki da miyagu, a kammala da cewa haƙuri ya yi rinjaye. Na ce, "Ranka ya daɗe, Rosa fa? Tana kallon 'yarta a ƙasa ta cusa mayafin a baki, don in ta yi ihu harbe ta za a yi. Wane gida zan sa ta?" Ya ce na fiye baki. Labarin 'yan shafuka ne, amma har muka rabu "yaron" yake kiran Magda.

Babin ya yi ta kwana a bayan motarsa har shekarar karatu ta juya, na sake biyan kuɗin rajista. Ranar kare kundi, farfesan da aka gayyato daga waje wannan babin ya fi yabawa. Malam ya gyara zaman hula ya ce, "Ai mu muka ɗora ta a wannan hanya."

Ga masu tasowa: wajen zaɓen mai duba kundi, ku tambayi tsofaffin ɗalibai kafin muƙami ya ruɗe ku. Duk babin da kuka miƙa, ku ajiye kwafi da kwanan wata. Ku girmama sakatariyar sashe, ita ta san inda fayil yake.

Sunan Malam yana shafin godiya, layi ɗaya, don dokar sashe ce.